Ruwa da Ƙodarka: Darasi daga Unguwar Briketeri

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zuwa Yawunde, babban birnin Kamaru, da wuya ka dawo gida ba ka taka Briketeri ba. Nan ce unguwar Hausawa. Sunan daga Faransanci ne, ma'anarsa wurin yin tubali, gama a nan ake yin tubali a zamanin Turawa. Yau kuwa an fi sanin unguwar da babban masallacinta, da shagunan atamfa da shadda, da teloli, da kuma suya, wadda mutanen can suke kira soya.

Ka tsaya ka dubi mai suyan nan da kyau. Tun la'asar yake gaban tukuba, yana juya nama, yana yanka, yana barbaɗa yaji, har tsakar dare. Rigarsa ta jiƙe da zufa, ta bushe, ta sāke jiƙewa, har farin gishiri ya fito a bayanta. Ya sha shayi ƙaramin kofi, wataƙila da lemon kwalba guda. Ruwa kuwa sai in ya tuna. Tun da ya hura wuta bai zaga ba ko sau ɗaya. Da ya tashi aiki sai ya yi ɗan fitsari kaɗan, ja kamar shayin da ya sha. Bayansa na ciwo, sai ya sayi ƙwaya biyu ya haɗiye, ya kwanta. Gobe ma haka.

Kada ka ce, "Ina ruwana da mai suyan birni?" Manomi mai huɗa da rana tsaka, da makiyayi a daji, da maƙeri, da mai gasa burodi, da mace mai suyar ƙosai ko mai sussuka, duk halinsu ɗaya da nasa. Yawunde ma gari ne na kan duwatsu, mai sanyi-sanyi. In zufa tana yi wa mutumin can haka, to, yaya mutumin Garwa ko Marwa, ko Sakkwato, ko Maraɗi, inda zafin bazara yakan wuce digiri 40? Wannan ɗan littafi zai nuna maka abin da ƙarancin ruwa yake yi wa ƙoda, da yadda za ka kiyaye taka.

Aikin da ƙoda take yi

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannunka ba. Siffarta irin ta ƙodar akuya ce da ka saba gani wurin mahauta. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan 1, waɗanda ido ba ya iya gani.

Aikinsu shi ne tace jini dare da rana. A kwana guda ƙodojin babban mutum sukan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini. Wannan jarka 9 ke nan ta lita 20. Amma ba duka suke zubarwa ba. Sukan mayar da kusan dukansa cikin jini, su fitar da wajen lita 1 da rabi kawai, haɗe da dattin jiki da gishirin da ya yi yawa. Shi ne fitsari. Bayan wannan, ƙoda tana taimakawa wajen daidaita hawan jini, da ƙarfafa ƙashi, da sa jiki ya ƙera sabon jini.

Dukan wannan aiki da ruwa ake yinsa. Fiye da rabin nauyin jikinka ruwa ne. Mace ba ta iya wanke tukwanen biki da moɗa ɗaya. Haka ma ƙoda ba ta iya wanke jini in ba ta sami ruwa isasshe ba.

In ruwa ya yi ƙaranci

Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da zufa lita 1 a awa guda. In bai mayar ba, jini yakan ragu, wanda yake isa ƙoda ma ya ragu. Sai ƙoda ta fara tsimin ruwa, ta matse datti mai yawa cikin ɗan fitsari kaɗan. Shi ya sa fitsarin yake yin duhu da wari. In sau ɗaya ne, jiki zai jure. In ya zama halin kullum, ga abin da yakan biyo baya.

Na fari, tsakuwar ƙoda. Ka san yadda gishiri yake kwanciya a gindin tukunya in ruwan miya ya ƙone. Haka wasu sinadarai suke taruwa cikin fitsari mai kauri, su daskare su zama yashi, yashi ya zama tsakuwa. Ranar da tsakuwar ta taso za ta gangara mafitsara, mutum yakan ji azababben ciwo daga kwiɓi zuwa mara, har ya rasa inda zai sa kansa. Wani yakan yi amai, wani ya ga jini a fitsari. Wanda ya taɓa yin tsakuwa sau ɗaya, ba wuya ya sāke yi. Babban rigakafinta shi ne shan ruwa har fitsarin yini da dare ya kai lita 2 ko fiye, tare da rage gishiri.

Na biyu, ciwon mafitsara. Fitsari yana wanke hanyarsa duk lokacin da ya fita. In ya yi kaɗan, ko aka riƙe shi ya daɗe, ƙwayoyin cuta sukan sami wurin zama su hayayyafa. Sai a ji zafi wurin fitsari, da yawan jin fitsari amma kaɗan ke fita. Wannan ya fi samun mata. In ba a yi magani ba, cutar tana iya hawa sama ta kama ƙoda, da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari da ciwon kwiɓi.

Na uku, tsayawar ƙoda farat ɗaya. Wannan ita ce mafi haɗari, kuma takan zo ne sa'ad da jiki ya yi asarar ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci: amai da gudawa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, zubar jini wurin haihuwa, ko bugun zafin rana. Fitsari yakan ragu ƙwarai ko ya ɗauke ɗungum, datti ya taru a jini. In an kawo mutum asibiti da wuri aka yi masa ƙarin ruwa, sau da yawa ƙodar takan farfaɗo. In an yi jinkiri, ana iya rasa ƙodar, ko a rasa ran.

Akwai kuma lahanin da yake taruwa a hankali. A ƙasashen Nikaragwa da El Salbado, can Amurka ta Tsakiya, likitoci sun lura da samari masu saran rake da yawa da ƙodarsu ta mutu, alhali ba su da hawan jini, ba su da ciwon suga. Likitoci da dama sun ɗora alhakin a kan aikin ƙarfi cikin zafi kullum ba tare da isasshen ruwa da hutu ba. Sai aka kafa wa ma'aikatan wasu gonaki ƙa'ida mai kalma uku: ruwa, hutu, inuwa. Inda aka bi ta, raunin ƙoda ya ragu. Ƙa'idar nan ba ta buƙatar kuɗi, ta kuma dace da gonarka kamar yadda ta dace da tasu.

Tarkon ƙwayar ciwon jiki

Ka tuna ƙwaya biyun da mai suya ya haɗiye? A nan ne mutane da yawa suke ƙara wa ƙodarsu nauyi ba su sani ba. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da yake shiga ƙoda. In jiki yana da ruwa isasshe, kuma an sha su na 'yan kwanaki bisa umarnin likita, yawanci ba sa yin ɓarna. Amma in mutum ya wuni yana zufa, ko yana gudawa, sa'an nan ya sha su, kamar an shaƙe wuyan wanda ya riga ya gaji ne. Mafi muni shi ne haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ana talla, ba suna, ba takarda, da jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki. Sau da yawa ciwon kai da kasalar yamma ƙishirwa ce kawai. Ka fara shan ruwa ka huta. In ciwon bai tafi ba, ka zo a duba ka.

Ruwa nawa ya isa?

Ba ma'auni ɗaya ga kowa, gama tela da ke zaune a inuwa ba daidai yake da mai faskare ba. Amma ga jagora. Babban mutum mai lafiya, a ranar da ba ya aikin ƙarfi, yana buƙatar shan wajen lita 1 da rabi zuwa 2. Babbar robar ruwan nan ta lita 1 da rabi ma'auni ce mai kyau: ka cika ta da safe, ka ajiye inda idonka zai riƙa ganinta. Mai aiki a rana ko a bakin wuta yana buƙatar fiye da haka nesa. Shi ya riƙa shan kofi guda duk bayan kamar minti 20, ya kuma riƙa komawa inuwa yana hutawa. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a ɗaga buta a shanye gaba ɗaya. Kada kuma ya ƙi cin abinci, gama abinci ne yake mayar da gishirin da zufa ta fitar.

Ma'aunin da ya fi kowane yana tare da kai kullum, shi ne fitsarinka. In fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa kaɗan, kana kuma zagawa duk bayan awa 3 ko 4, ruwanka ya isa. In ya yi duhu, ga wari, ga shi kaɗan, jikinka yana roƙon ruwa. Na farkon safiya yakan ɗan yi duhu, wannan ba kome. Wasu magunguna ma sukan sāke launin fitsari, kamar maganin tarin fuka da yake sa shi ja. Amma in fitsari ya zama kamar baƙin shayi ko jini, ba ka kuwa shan irin wannan magani, kada ka tsaya shan ruwa a gida, ka zo asibiti.

Kunu, da fura, da zoɓo, da romo, da kankana, da lemon zaƙi duk suna ƙara wa jiki ruwa. Shayi ma haka, sai dai ƙaramin kofi cike da sukari ba ya cika gurbin zufar wuni. Lemon kwalba da abin shan ƙara kuzari ba su maye gurbin ruwa, sukarinsu ya yi yawa. Giya kuwa fitar da ruwa take yi daga jiki.

Me ya sa ba ma sha?

Yawancinmu mun san ruwa yana da amfani. Abin da ke hana mu sha shi ne za mu duba.

Wani ya ce ba ya jin ƙishirwa. Aiki yakan ɗauke hankali, sanyin hunturu ma yakan ɓoye ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana tsotse ruwan jiki. Tsofaffi kuma jin ƙishirwarsu yakan ragu. Don haka kada ka jira baba ko inna su nema, ka riƙa miƙa musu.

Wata ta ce in ta sha za ta ji fitsari, ga shi ba ban ɗaki kusa. Wannan matsala ce ta gaske ga mata masu kasuwanci, a kasuwar Mokolo ta Yawunde ko a kasuwar ƙauyenku, da 'yan mata a makaranta, da matafiya a mota. 'Yar'uwa, ƙin shan ruwa don gudun fitsari musayar wahalar minti biyar ce da ciwon makonni. Shugabannin kasuwa, da na makaranta, da na masallaci da majami'a, ku sani gina ban ɗaki mai tsabta, mai sutura, aikin kiyaye ƙodar jama'a ne.

Wani kuma yana ganin jure ƙishirwa jarumtaka ce. Ƙoda ba ta san jarumi ba. Mai gona da ya ɗauki 'yan ƙwadago, da maigidan da yake da yara a shago ko a tukuba, su tanadi jarkar ruwa a inuwa kafin a fara aiki.

Ba kowane ruwa ba

Ruwa mai datti yana iya kai ka ga abin da kake gudu. Annobar kwalara da ta ɓarke a Kamaru a ƙarshen 2021 ta kai har Yawunde, a 2023 ma ta kama mutane da yawa a birnin. A unguwa mai cunkoso, inda rijiya take kusa da masai, ruwan sama kuma yana kwaso ƙazanta, cuta ba ta wuyar yaɗuwa. A ƙauye ma haka ne in ana sha daga tafki ko rijiya marar murfi. Kwalara tana iya zuƙe ruwan jikin babban mutum cikin 'yan awoyi, ƙoda kuwa tana cikin na farko da suke shan wuya.

In ba ka amince da ruwan ba, ka tace shi da ƙyalle mai tsabta, ka tafasa shi har ya yi minti 1 yana tafasa sosai, ko ka sa ƙwayar tsabtace ruwa yadda takardarta ta ce. A rufe randa. A ware moɗa guda ta ɗiba, kada a sha da ita, kada hannu ya taɓa ruwan.

In gudawa ta kama wani a gidanka, kada a hana shi sha. A jiƙa masa garin gishiri da sukari na asibiti cikin ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, a haɗa a gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko da yana amai, ana kuma shirin tafiya asibiti. Yaro in idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, ko ya daina fitsari, a kawo shi nan da nan, ko da dare ne.

Lokacin azumi

Mai lafiya yana iya yin azumi ba tare da ƙodarsa ta cutu ba, in ya tsara shansa. Kada ka tara dukan ruwanka a buɗa baki ko a sahur. Ka raba shi: kofi 2 a buɗa baki, sa'an nan kofi-kofi har ka kwanta, da kofi 2 a sahur. Ka rage gishiri, da dunƙulen miya, da kilishi da yaji a sahur, gama suna jawo ƙishirwa. In da hali, ka mai da aikin ƙarfi zuwa sanyin safiya. Wannan shawara ta shafi Musulmi a watan Ramadan, ta kuma shafi Kirista masu azumin da ba ci ba sha. Mai ciwon ƙoda, da mai tsakuwa, da mai ciwon suga, da mai ciki, su yi shawara da likita kafin su fara.

Waɗanda dokarsu dabam ce

Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko a tsakiyar bazara. Kada a ba shi ruwa. Uwar ce za ta ƙara sha, ta kuma ƙara ba shi mama. Mai ciki ma tana buƙatar ƙari.

Amma akwai waɗanda yawan ruwa zai cuce su. Wanda ƙodarsa ta riga ta gaza, da mai ciwon zuciya, da wanda ƙafafunsa ko fuskarsa ko cikinsa suke kumbura, jikinsu ba ya iya fitar da ruwan. In sun ɗura, sai ya taru a huhu, numfashi ya yi wuya. Su likita ne zai auna musu abin da za su sha. Dattijon da fitsari yake yi masa wuyar fita, yana ɗiga kaɗan-kaɗan, shi ma ba ƙarin ruwa ne maganinsa ba, hanyar ce take toshewa, ya zo a duba. Ko mai lafiya ma kada ya tilasta wa kansa lita da yawa a zama guda. Kome ya wuce kima ya zama cuta.

Ruwa ba shi ne kome ba

Kada mu ruɗe ka. Ruwa yana kāre ƙoda, amma ba ya warkar da ƙodar da ta mutu. Manyan abubuwan da suke kashe ƙoda a hankali su ne hawan jini da ciwon suga. Sukan yi shekaru suna ɓarna ba ciwo ba alama, gama ƙoda ba ta cika yin kuka ba sai aikinta ya ragu ƙwarai. Don haka ka riƙa zuwa awon jini da na suga, ko sau ɗaya a shekara, musamman in ka haura shekara 40 ko akwai ciwon a danginku. In an ɗora ka a kan magani, kada ka daina don ka ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

In ƙoda ta mutu, abin da ya rage shi ne wankin ƙoda da inji ko dashe. A Yawunde ana wankin ƙoda a Babban Asibitin birnin da Asibitin Koyarwa na Jami'a. A Babban Asibitin ne kuma aka yi dashen ƙoda na farko a Kamaru, a watan Nuwamba 2021. Shekaru da yawa majinyaci yana biyan sefa 5,000 a kowane wanki. Tun 2023 gwamnati ta mai da shi sefa 15,000 a shekara. Wannan sauƙi ne babba. Duk da haka ka yi tunani: awa 4 a jikin inji, sau 2 ko 3 kowane mako, har iyakar rai. Ga kuɗin mota, ga magani, ga gwaji. Injin kuma a manyan birane yake, ba a ƙauye ba. Mutumin karkara sai ya bar gonarsa da iyalinsa ya tare a birni. Ka auna wannan da jarkar ruwa a gindin bishiya.

Ka zo asibiti ba da jinkiri ba in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Fitsari ya ragu ƙwarai, ko an wuni ba a yi ba.

Jini a fitsari. A ƙauyukan da yara suke wanka a tafki, sau da yawa tsargiya ce, tana kuwa da magani.

Fitsari mai yawan kumfa da ba ta kwanciya.

Kumburin fuska da safe, ko na ƙafafu.

Ciwon kwiɓi mai tsanani, ko wanda ya zo da zazzaɓi.

Amai da gudawa da suka hana ruwa zama a ciki.

Ɗan'uwa, gobe kafin ka ɗauki fartanya ka ɗauki gorar ruwa. 'Yar'uwa, kafin ki ɗora kasko ki ajiye kofinki kusa. In kana da ɗa ko ƙane a Briketeri, a tukuba ko a kan keken ɗinki, in kun yi waya ka tambaye shi ko yana shan ruwa. Ka kuma karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba wannan ɗan littafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya.